Magajiyar Doki: Jif, Land Rover da Mulkin Birnin Kano

Masu ba da tarihin sufuri a Kano sukan fara da jirgin ƙasa da ya iso a 1911, su bi ta kan manyan motocin da suka yi jigilar gyaɗa, su ƙare a filin jirgin sama. Idan ciniki ake magana, wannan jeri ba shi da aibu. Sai dai akwai wata ƙaramar mota da ake tsallakewa, wataƙila don ba ta taɓa tara dalar gyaɗa ba, wato jif ɗin soja da Amurka ta ƙera a Yaƙin Duniya na Biyu, da zuriyar da ta bari, musamman Land Rover. Jirgin ƙasa da manyan motoci sun gaji raƙumi da jaki da takarkari, domin kaya suke ɗauka. Ita kuwa jif doki ta gada, domin abin da ta ɗauka shi ne hukuma: ɗan sako, da ɗan doka, da mai karɓar haraji, da malamin asibiti. A ganina nan ne muhimmancinta yake a tarihin Kano. Ta raba mulki da hanya da kuma lokacin shekara, har ya zamana umarnin da aka yanke a cikin ganuwa da safe yana iya sauka a ƙauye kafin la'asar, da rani ko da damina. Wannan ya kawo alheri mai yawa, ya kuma tafi da wani abu da har yau ba a maye gurbinsa ba.

Asalin motar gaggawa ce. A tsakiyar 1940, da Jamus ta murƙushe Faransa cikin 'yan makonni, rundunar sojan Amurka ta ga tana buƙatar ƙaramar mota mai sauƙi da za ta yi aikin leƙen asiri da kai saƙo, aikin da a da doki da babur ke yi. Ta aika wa kamfanoni 135 sharuɗɗanta: tayoyi huɗu duka su riƙa ja, ta ɗauki rubu'in tan, nauyinta kada ya wuce kimanin kilo 590, kuma a kawo samfur cikin kwana 49. Biyu kacal suka amsa da farko. Wani ƙaramin kamfani da ke gab da durƙushewa, American Bantam na garin Butler a jihar Pennsylvania, shi ya cika wa'adi, da taimakon injiniya Karl Probst, ya miƙa motarsa a sansanin Holabird ranar 23 ga Satumba, 1940. Amma soja sun ga Bantam ba shi da ƙarfin ƙera adadin da ake so, sai suka bar kamfanonin Willys da Ford suka duba zanen. A 1941 Willys ya ci babban kwantiragi saboda ƙarfin injinsa mai silinda 4, aka kuma sa Ford ya riƙa ƙera irin tasa. Sharaɗin nauyi dai bai yiwu ba, domin motar da ta fito ta haura tan guda. Kafin yaƙi ya ƙare a 1945, kamfanonin biyu sun fitar da kusan 640,000, Bantam kuwa da ya fara abin ya ƙare da ƙera tirelolin da ake ɗaura mata a baya.

Wanda ya dube ta da kyau zai ga ba a yi ta don jin daɗi ba. Ba ƙofa, rufinta tamfol ne, gilashin gaba ana kwantar da shi a kan bonet, tankin fetur yana ƙarƙashin kujerar direba, an rataye shebur da gatari a gefe, safayar taya da jarka a baya. Sirrinta yana ƙasa. Motar gida tayoyi biyu ne ke tura ta, don haka da zarar sun faɗa laka ko rairayi sai su yi ta juyawa a wuri ɗaya suna haƙa wa kansu rami. Ita jif tana da wani akwatin giya na biyu da ke raba ƙarfin inji ga tayoyin gaba da na baya, da wata ƙaramar giya da ke rage gudu ta ƙara ja. Ga ta gajeriya, ga cikinta ya yi nesa da ƙasa. Wannan ne ya sa ba ta jiran a yi mata hanya, duk inda ke da faɗin da za ta ratsa hanyarta ce.

Yaƙin da ya haife ta bai tsallake Kano ba. Tun daga Satumba 1940 Ingila ta buɗe hanyar jiragen yaƙi da ake harhaɗawa a Takoradi ta ƙasar Gana ta yau, su tashi su sauka a Legas da Kano da Maiduguri, su ratsa Chadi da Sudan har Masar, kuma jirage sama da 5,000 ne suka bi ta. Daga baya Amurkawa ma suka kafa zango a filin jirgin Kano. Amma inda 'yan Arewa suka san jif ido da ido shi ne Burma. A ƙarshen 1943 runduna ta 81 ta sojojin Afirka ta Yamma, wadda ta haɗa 'yan Najeriya da Gana da Saliyo da Gambiya, ta sare daji da duwatsu ta buɗe hanyar jif mai tsawon kimanin mil 75 zuwa kwarin kogin Kaladan, akasari da adda da diga da shebur. Abin lura a nan shi ne, rundunar ta dogara ne da dubban 'yan dako masu ɗaukar kaya a ka, da jiragen da ke jefo abinci daga sama, jif kuwa ta manyan hafsoshi ce da bindigogi da marasa lafiya. Tun a can aka ga rabon aikin. A Janairu 1945 rundunoni na 81 da na 82 suka ƙwace Myohaung, kuma sunayen da aka ɗauko daga wannan yaƙi suna nan a barikokinmu, kamar Dalet a Kaduna da Chindit a Zariya. Sarkin Katsina Usman Nagogo ya je har can ya duba sojoji. Da 'yan mazan jiya suka dawo gida, da yawansu sun dawo da sana'ar tuƙi da kanikanci da suka koya a soja, kuma a cikinsu En'e da gwamnati da kamfanoni suka sami direbobi.

Mai ƙorafi zai ce motar da Kanawa suka sani a ƙofar ofishin En'e ba jif ɗin Amurka ba ce, Land Rover ce ta Ingila, don haka me ya kawo zancen Willys? Amsa ita ce Land Rover 'yar jif ce ta cikinta. Maurice Wilks, babban mai zanen motoci na kamfanin Rover, yana amfani da wata tsohuwar jif ta soja a gonarsa da ke tsibirin Anglesey, kuma a kan shasin jif aka ɗora samfurin farko a 1947. Tazarar da ke tsakanin tayoyin gaba da na baya ma, inci 80, daga jif aka ɗauko ta. Da yake ƙarfe ya yi ƙaranci a Ingila bayan yaƙi, sai aka yi bodinta da alminiyom, abin da ya sa bodin ba ya tsatsa. An fito da ita a bajekolin motoci na Amsterdam ranar 30 ga Afrilu, 1948. Haka Toyota ta Japan ta fito da tata a 1951 bisa tsarin jif, ta sa mata suna Land Cruiser a 1954. Dalilin da ya sa Land Rover ta cika Najeriya maimakon Willys dalili ne na kuɗi da mulki: ƙasar tana ƙarƙashin Ingila, dalar Amurka tana wuyar samu, gwamnati kuma daga Ingila take sayen kayanta. Duk tsohon direban da ya riƙe ta zai tuna sanduna biyu da ke kusa da giya, mai rawayan kai da ake dannawa idan an shiga rairayi, da mai jan kai da ake ja baya idan laka ta kai gindi.

Sai an san yadda mulki yake tafiya kafin zuwanta za a gane abin da ta sauya. Sarautar Kano a kan doki aka gina ta. Madaki shi ne shugaban mahaya, Shamaki ke kula da barga, ga barade ga 'yan lifidi ga 'yan sulke. Da Turawa suka ci birnin a Fabrairu 1903 ba su jima ba suka fitar da hakimai daga gidajensu na cikin birni suka tura kowa gundumarsa, sai ya zamana igiyar da ke haɗa fada da Rano da Gaya da Ƙaraye da Dutse da Birnin Kudu ita ce jakada a kan doki. Shi ma Di'o a kan doki yake rangadi, 'yan alaro na biye da akwatuna, ana yada zango bayan tafiyar mil 15 zuwa 20. Gaskiya ne motoci sun shigo tun kafin yaƙi, sarakuna da Razdan suna hawansu, amma motar wancan zamani baiwar hanya ce. Su kansu Turawa sun kasa hanyoyi gida biyu, na kullum da na rani. Na kullum kaɗan ne, na rani kuwa da ruwa ya sauka a watan Yuni sai su mutu, rafuka su cika, fadamu su jiƙe, sai bayan Satumba a tara talakawa su sake gyara su. Ma'ana, wata huɗu a kowace shekara yawancin ƙauyukan ƙasar Kano suna nesa da hannun birni. Wannan tazara ce Land Rover ta rage daga shekarun 1950, ba don ta fi sauran motoci gudu ba, sai don ba ta tsayawa inda suke tsayawa.

Wani abin mamaki shi ne, a cikin birnin kansa motar ba ta da wani aiki. Ganuwar da aka fara tun zamanin Sarki Gijimasu, Muhammadu Rumfa ya faɗaɗa ta, an yi ƙofofinta ne daidai mahayi da raƙumi mai kaya, kuma da gangan aka matse su saboda tsaro. Lungunan Koki da Sharifai da Bakin Zuwo da kewayen Kurmi an yi su ne don mai ƙafa da jaki, wasu ma idan amalanke biyu suka haɗu sai ɗaya ta ja baya. Motar da ta hau duwatsun Burma ba ta iya kai mutum ƙofar gidansa a irin waɗannan unguwanni. Amma a cikin ganuwar nan Gidan Rumfa yake, da baitulmali, da kotunan alƙalai, da ofishin 'yan doka, da gidan yarin Kurmawa. Birni ne mafarin tafiya, shi ne kuma makomarta. Daga nan ake fita da takardar sammaci da rasiɗin haraji, nan ake dawowa da jakar kuɗi da wanda aka kamo. Ita ma ganuwar an taɓa ta: an huda Sabuwar Ƙofa a 1937 zamanin Sarki Abdullahi Bayero, daga baya aka faɗaɗa Ƙofar Nasarawa da Ƙofar Mata da sauransu. Bangon da aka yi don hana maƙiyi shiga sai ya koma abin da ke hana hukuma saurin fita, don haka aka buɗe shi.

Abin da ta kai ƙauye iri biyu ne, kuma adalci shi ne a faɗi duka. Ta kai malamin dabbobi rugar Fulani, musamman daga 1962 da aka ƙaddamar da gagarumin rigakafin bushiya a ƙasashen tafkin Chadi. Ta kai malamin gona da taki, ta kai mai duba makarantu, ta ɗauko mai naƙuda da wanda maciji ya sara zuwa asibiti, ta kai majigi dandalin da ba a taɓa ganin hoto mai motsi ba. Ita ce kuma ta kai ɗan doka. Bayan kafa jam'iyyar NEPU a Kano ranar 8 ga Agusta, 1950, magoya bayan Malam Aminu Kano a karkara sun sha kamu da gurfana a gaban alƙalai, kuma mutumin da a da damina ke kare shi daga sammaci sai ya wayi gari ba shi da wannan kariya. A zaɓen 1959 jam'iyyar da ke da kuɗin sayen Land Rover ta ɗaura mata lasifika ta fi mai keke isa lunguna. A yaƙin basasa na 1967 zuwa 1970 kuwa motar ta koma sana'arta ta asali, aka ɗora mata manyan bindigogi. Talaka ya koyi karanta ƙurar da ke tasowa daga nesa, bai san ko allura ce ke tafe ko ankwa ba sai motar ta tsaya.

Akwai ƙorafi mafi ƙarfi, wato cewa duk mai kewar rangadin doki bai san abin da talaka ya sha ba. Wannan gaskiya ce tsantsa. Saukar babban baƙo a ƙauye masifa ce ga masu gari: a kawo dawa da ingirici don dawakai, a yanka kaji da raguna don fadawa, a share masauki, a ɗebo ruwa, a kama samari su ɗauki kaya zuwa zango na gaba, sau da yawa ba ko anini. Land Rover ta sauke wa mutane mafi yawan wannan nauyi, domin fetur take sha, kuma baƙon yana iya komawa gida ya kwana. To amma a nan ɗin ne hasarar take. Wanda ya zo a kan doki dole ya kwana, wanda ya kwana kuma dole ya ji. Yana ratsa gonaki a hankali, ya ga inda gero ya ƙone da inda rijiya ta ƙafe, da dare kuma mai kuka yana iya sulalowa ya faɗi abin da ba zai faɗa a gaban dagaci ba. Wanda ya zo a mota a ƙofar dagaci yake tsayawa, ya ji daga bakin dagaci, ya sa hannu a littafi, ya juya. Su kansu Turawan mulki a ƙarshen zamaninsu sun riƙa kokawa cewa mota ta raba jami'ansu da jama'a. Hausawa sun ce sauri ya haifi nawa. Hukuma ta sami saurin isa, ta yi nawa wajen fahimta. Ba doki ne ke da albarkar ba, jinkirin da yake tilastawa ne ke ba talaka damar a saurare shi, ko da mai sauraron bai yi niyya ba.

Wasu kuma za su ce zamanin ya wuce. Kuɗin man fetur na shekarun 1970 sun shimfiɗa kwalta, Peugeot ta fara fitowa daga masana'antar Kaduna a 1975, akori-kura ta mamaye hanyoyin kasuwannin ƙauye, gyaran ƙananan hukumomi na 1976 ya kai sakatariya kusa da mutane, sannan Gwamna Abubakar Rimi ya soke haraji da jangali a 1979. Tsohuwar Land Rover ta zama abin da ake nemar wa kayan gyara a kasuwar Ƙofar Ruwa, kuma kamfanin da kansa ya daina ƙera samfurinta na asali, wato Defender, a Janairu 2016. Duk haka ne, amma sunan mota ne ya canza, aikin yana nan. Toyota ta karɓi gadon. A 1987 sojojin Chadi suka fatattaki tankokin Libiya a Fada da Wadi Dum da motocin Toyota, Hilux ce ke ratsa hamada daga Agadas zuwa Libiya, ita ce ta 'yan sanda da soja, ita ce kuma 'yan Boko Haram suka yi amfani da ita. Jif ɗin da ke cikin jerin gwanon manya a Kano yau tana da sanyi da baƙin gilashi, ta kammala abin da kakarta ta fara: mai mulki yana iya ratsa ƙauye ba tare da ya ji zafinsa ko an ga fuskarsa ba. Har ma ta ƙara wata illa, domin wanda motarsa ba ta jin rami ba ya gaggawar cike ramin.

Shi kuwa doki bai ɓace daga birni ba, an dai sauke shi daga aiki an bar masa ado. Hawan Sallah da Hawan Daushe da Hawan Nasarawa sun ƙara ƙayatuwa a daidai shekarun da doki ya daina kai saƙo, har UNESCO ta sanya hawan Kano cikin jerin al'adun duniya a 2024. Hakimin da ke jan zuga a Ƙofar Kudu cikin alkyabba a mota ya zo daga gundumarsa, a mota kuma zai koma. Abu biyu da a da suke tare, wato kwarjinin mulki da aikinsa, sun rabu: doki ya riƙe kwarjini na 'yan kwanaki a shekara, jif ta riƙe aiki na kullum. A lokacin hawa ne kawai talaka ke ganin mai mulki a fili, a hankali, kusa da shi.

Ba wanda zai ce a koma rangadin doki, kuma uwar da aka kai asibiti cikin dare da damina ba za ta yarda a zagi motar da ta kai ta ba. Abin da tarihin ya nuna shi ne, sauraron da a da wahalar tafiya ke tilasta wa hukuma, yanzu ba abin da ke tilasta shi sai doka da niyya. Idan ana so shugaban ƙaramar hukuma ko kwamishina ko hakimi ya san halin ƙauye, sai an wajabta masa zama da mutane ba tare da dagaci a tsakani ba, sai an sa ranar jin koke, sai an auna aikinsa da abin da ya gyara ba da yawan garuruwan da ya taka ba. Injiniyoyin 1940 matsalar laka da rairayi aka ba su, sun kuma warware ta. Matsalar mai mulkin da ke isa ko'ina ba tare da ya zauna ko'ina ba tamu ce, kuma ba kamfanin da zai ƙero mana maganinta.